Lasisin Gashi na Yaya Usmanu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Usmanu, ɗan baffana, wanda mutanen Ikara da Makarfi suka sani da Usmanu Mai Gashi. Ni ba ɗan boko ba ne, yaƙi da jahilci kawai na yi, rake nake nomawa a Kudan. Wanda ya ga maganata a karkace ya yi haƙuri, hannun da nake rubutun da shi ma ya fara ƙina.

A Sudan aka haife shi. Baffa ya tafi Makka a ƙasa, bai dawo ba, ya yi iyali a Sudan ɗin. Yaya ya yi karatu har Masar, ya koyo aikin tayar da gaɓar da ta shanye: a ɗumama, a miƙar, a motsa har ta dawo. Da aka samu mulkin kai ya ji ƙasar ubansa na neman ma'aikata, ya tattaro ya zo. A zaurena ya sauka, Hausarsa rabi Larabci.

Ya tarar cutar shan inna ta kama wa 'yata Hajara ƙafar dama, tana jan jiki a ƙasa. Ya duba ya ce za ta tashi, in dai ba a bari gwiwar ta ƙage ba. Na ce to bismillah. Ya ce sai ya samu lasisi, don shi baƙo ne, in aka kama shi yana aikin asibiti ba izini, a mota za a sa shi a mayar.

Kafin mu je neman lasisin ya tambayi tsofaffin gidanmu sunan aikinsa da Hausa, suka ce ai gashi ne, yadda ake gasa targaɗe. A wani ofis a Ikara malamin ofishin ya ce, "Malam, me kake yi?"

"Gashi."

"Na kai ko na nama?"

Yaya ya yi tunani ya ce, "Na nama mana, da jijiya, da ƙashi."

Aka buga hatimi, muka dawo muna murna. Sai da muka kai takardar ɗakin shan magani a Makarfi, mai ba da maganin ya karanta ya ce, "To Malam, ina za ka kafa tukubar? Ka gaida Sarkin Fawa tukuna?" Lasisin mai tsire aka ba shi. Kowa ya yi dariya ban da mu biyu, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Ya tafi Kaduna neman lasisin gaskiya, aka ce sai an tambayi Ikko. Ikko ta ce sai an bincika ko an san makarantar Masar ɗin. Damina ta wuce, muka sare rake, shiru. Gwiwar Hajara kuwa kullum ƙara lanƙwashewa take. Ran nan na ce masa, "Yaya, ni ban iya kwana-kwana ba. Takardarka ko ƙafar 'yata?" Bai ci tuwo ba ranar. Da safe ya saro gora ya kafa layi biyu a bayan rumbu, ya soya yashi ya ƙulle a tsumma, ya fara.

Tun daga ranar jakarsa a ɗaure take. In ɗan doka ya gifta ƙofar gida, sai hannunsa ya tsaya cak a kan ƙafar yarinyar, idonsa a ƙofa. Hajara ta tashi, ta kama gora, ta saki gora. Lasisin bai zo ba har ya mutu. Aikin da ya samu shi ne wankin miki a ɗakin shan magani, masu shanyewar jiki kuwa ta bayan gida ake kawo masa su.

Yanzu an ce a asibitin birni akwai ɗaki guda na wannan aiki, wai gashin ƙashi, sunan da aka yi masa dariya a kai. Ban sani ba ko zai yi murna ko zai yi tsaki. Na fi zaton zai tambaya, wa zai riƙa ɗaukar mutumin Kudan da ya shanye zuwa Zariya duk mako? Kuma an ce har yau wanda ya karanto a waje sai ya zauna jira.

Abin da ya sa na tuna shi bana, tun kaka hannuna na dama ke nauyi, lauje na suɓuce min. Ban faɗa wa kowa ba, Hajara ce ta lura. Daga gidan mijinta a Paki take zuwa, da ɗan ɗingishinta, ta soya yashi, ta kama yatsuna tana lanƙwasawa tana ƙirga da Larabci yadda Yaya yake yi mata. Ba ta da takardar kowa, ko ta tsire.

Na ce, "Hajara, zai tashi kuwa?"

Ta ce, "In ba a bari ya ƙage ba. Baba, ka daina kallon ƙofa, ba mai zuwa."

Allah ya jiƙan Yaya. Ya bar mata hannunsa, ni ya bar min kallon ƙofa.