Sittana, Mai Riƙe Lissafin Shagon Ashafa

Kafin mu ɗaga ƙyauren shagunanmu a Kasuwar Umdurman, Sittana Abdulganiyu ta riga ta sauko daga hafila, wato bas ɗin unguwarsu Dar Salam. Takan buɗe akwatin kuɗin Alhaji Ashafa, mai yadudduka, ta ware na ciniki, ta haye gada da sauran zuwa banki a Khartum. Tana dawowa sai ta rubuta a wuri biyu: sun fita daga akwati, sun shiga banki. In an ciro, ta juya rubutun. Takan ce ba riba ba ce, ba asara ba ce, ɗaki kawai kuɗin suka sauya.

Shagona na jikin nasa, kuma tun zuwan mulkin soja nake ƙyashin Ashafa saboda ita. Har gobe ban daina ba.

Shekarar da shanyewar jiki ta kwantar da shi, ƙanensa Rashid ya shigo shagon, ina tsaye a ƙofa. Ya ɗora hannu kan akwatin.

"Ba ni kuɗin yau, ki rubuta an kai banki."

"Yallaɓai, abin da ƙafata ba ta kai ba, hannuna ba ya rubutawa."

"Kin san zan iya korarki?"

"Na sani. Amma da kuɗin nan ake sayen maganin yayanka."

Ta kulle akwatin, ta kai wa Hajiya Bakhita, matar Ashafa, mabuɗin har gida. Rashid ya hana ta albashi, ta ci gaba da zuwa har maigidan ya miƙe ya tarar da shagonsa a tsaye.

Ni kuwa ɗan ƙanwata na amince wa. Kullum sai ya ce "an kai banki", ran da na je cirowa na tarar wayam. Na sami Sittana na ce zan ninka mata albashi in ta dawo shagona. Ta ce, "Alhaji Zubairu, maƙwabci ba ya yi wa maƙwabci haka." Washegari ta zo da fensir ta koya wa 'yata Iman aikin, ba ta karɓi ko sisi ba.

Sittana, idanunki sun gaji, kin ajiye aiki. Ke ce amanar layinmu, mun gode, Allah ya saka miki. 'Yan baya, ku je Dar Salam ku koya tun tana da ƙarfin nuna muku. Ashafa kuma ya yi haƙuri: ko a Lahira aka tambaye ni, zan ce shagona ya kamata ta zauna.