Earline Tubbs ta shiga ruwa

Earline Tubbs a tsaye ta ci ƙuruciyarta. A masana'antar fiɗar tarwaɗa da ke bakin garinsu a jihar Mississippi ta Amurka ta yi aiki, wuƙa a hannu, jiƙaƙƙen siminti mai sanyi a ƙarƙashin ƙafa, tun safe har la'asar. Da wannan tsayuwar ta raini 'yarta Renita bayan rasuwar mijinta. Kafin ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun riga ta ajiyewa. Da safe sai ta zauna a bakin gado ta lallashe su tukuna su yarda su ɗauke ta. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi.

Ta haura saba'in lokacin da Renita ta zo daga birnin Memphis da keken guragu mai batir a bayan mota, ja wur, ko ledarsa ba a cire ba.

"Mama, gwadawa kawai za ki yi. Nan za ki danna, shi ke nan."

"Wa ya mutu ya bar miki shi?"

"Haba Mama. Ran nan a kan idona kika kusa faɗuwa a matakala."

"Kusa dai kika ce. Mayar da abinki mota. In na hau wannan yau, ba mai sauke ni sai masu akwatin gawa."

Renita ta koma Memphis da kekenta tana hawaye. Earline ma ta yi nata bayan motar ta sha kwana, amma ba wanda ya gani. Da gari ya waye ta sa ƙaninta Cleophus, tsohon direban babbar mota, ya kai ta wurin mai gashin ƙashin da likita ya daɗe yana tura ta tana ƙi.

Mai gashin ƙashin, Jolene Fairley, ba ta ɓoye mata komai ba. "Mis Earline, guringuntsin da ya tafi ya tafi. Amma in naman cinyarki ya yi ƙarfi, zai rage wa gwiwa kaya. Zama ne ke ƙara sandarar da ita." Ta koya mata ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa sambal, ta riƙe, ta sauke a hankali, sannan ta tashi tsaye ba tare da dafa komai ba.

A barandarta take yi, inda duk mai wucewa zai gani. Cleophus kan zauna gefe da gurasar masara a hannu yana kallo.

"Yaya, wa kike shirin harbi da ƙafar nan?"

"Matso kusa ka gani."

Da farko abin ya yi kyau, sai gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙwarya. Jolene ta tattaɓa ta ce nauyin jiki ya yi mata yawa a ƙasa, su koma cikin ruwa, a wurin iyo na gari, inda ake yi wa tsofaffi aji da hantsi. Earline ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama.

Ta san wurin sarai. Tana yarinya, baƙar fata ba ya shiga. Ita da Cleophus kan tsaya a bayan shingen waya cikin zafin rani suna kallon 'ya'yan Turawa suna tsalle cikin ruwa. Da kotu ta ce a buɗe wa kowa, manyan gari suka gwammace su tsiyaye ruwan su garƙame ƙofa. Sai bayan shekaru masu yawa aka gyara shi aka yi masa rufi, a lokacin Earline ta girma ba ta iya iyo ba, kuma ko ta titin ba ta bi.

"Daidai kika yi," in ji Cleophus a mota. "Me za ki je nema can da furfurarki? Ki sa rigar wanka a gabansu su sami abin dariya? Wurin nan ba namu ba ne, bai taɓa zama namu ba."

Ta juyo ta ƙare masa kallo. "Maimaita."

"Cewa na yi ba namu ba ne."

"Juya motar nan. Kantin tufafi za mu."

Rigar wanka shuɗiya ta saya, mai furanni. Ranar ajin ta fito daga ɗakin sauya kaya tana dogara sanda. Tsofaffi na tsaye cikin ruwa har ƙirji, baƙaƙe da farare. Wata Baturiya sa'arta, Dottie Harlan, wadda ita ma gwiwa ta kawo ta, ta matso bakin matakala da fara'a.

"Kada ki ji tsoro, ba zurfi. Ni tun ina 'yar ƙarama nake iyo a nan."

"Na sani," in ji Earline. "Ina ganinki ta bayan shingen waya."

Fuskar Dottie ta yi ja. Ta miƙo hannu. Earline ba ta karɓa ba. Ta jingine sandarta, ta kama ƙarfen matakala da hannu biyu, ta sauka da baya a hankali. Ruwan da ɗumi. Da ya kai mata ƙugu sai ta ji an ɗauke mata wani nauyi da ta manta tana ɗauke da shi. Ta ɗaga ƙafar hagu, ƙafar ta tashi salin-alin. Ta sa ƙafa ta taka har wancan bango ta dawo, haƙora a cije, ba ta kalli kowa ba.

Tun daga ranar ba ta fashi. Dottie kan tsaya kusa da ita, hirarsu ba ta wuce ta gwiwa da man shafawa, Earline kuma ba ta nemi ta wuce nan ba. Ciwon bai tafi ba. In hadari ya haɗu har yanzu tana riga mai labarin yanayi sani. Amma kumburin ya saɓe, tana zuwa coci da ƙafarta, ta kuma koma lambunta na bayan gida.

Da bazara likita ya sake ɗaukar hoton gwiwoyin. Ya ce ta dama za ta riƙe, ta hagu kuwa sai an yi aiki an sa ta ƙarfe.

"Ashe wahalar banza na sha?"

"Ko kaɗan. Da cinya irin wannan, za ki riga sa'o'inki da yawa tashi daga gadon asibiti. Mu sa wata mai zuwa?"

"Kuɓewata na fure. Sai na tsinke ta."

"Mis Earline, kuɓewa ai ana sayarwa a kanti."

"Kai ka ci ta kanti," in ji ta. Ta tashi daga kujerar ba ta dafa komai ba, ta ce masa ya nemi rana bayan kaka.