Mai-Taga Ta Ajiye Jaka

Kafin a gama share harabar asibiti ta riga ta fice, jaka a kafaɗa, dugadugan takalminta sun cinye ta gefe ɗaya. Shekara ashirin da bakwai aikinta ke nan: duk wanda aka samu da tarin fuka, ita ce mai bin sawunsa har gida, ta nemo waɗanda suka shaƙi iska ɗaya da shi. Ba wanda ya taɓa ganin ta shanye shayinta a zaune. In ta shiga gida, bakinta na amsa gaisuwa, idonta na yawo a bango yana neman taga. Shi ya sa sunanta na gaskiya ya ɓace, yaro da babba Mai-Taga suke ce mata.

Masu tari ba su ne suka fi ba ta wahala ba. Mai tari ya san ba shi da lafiya, da ƙafarsa yake zuwa. Ciwon kanta su ne masu lafiya garau, waɗanda ƙwayar cutar ta shige su ta kwanta barci. Ba sa tari, ba sa harbin kowa, amma ran da jiki ya yi rauni ƙwayar na iya farkawa. To, je ka ce wa ƙato mai cin kwano biyu ya sha magani wata uku, ka ji amsar da zai ba ka.

Irin wannan ƙaton ta tarar shekarun baya, wani kafinta. Mahaifinsa ne aka samu da tarin, kuma iyalin sun yi iya ƙoƙarinsu: sun ware wa tsohon kwanonsa da kofinsa, ana wanke su da ruwan zafi. Tagar ɗakinsa kuwa, kafintan ya kafe ta da ƙusa shida don kada sanyi ya ƙara wa Baba tari. A ɗakin yake zama kullum bayan ya tashi aiki, yana matsa wa tsohon ƙafa.

Mai-Taga ta dubi kwanon, ta dubi ƙusoshin, ranta ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ta.

"Ɗana, kwanon nan ba shi da laifi," in ji ta. "A iska abin yake tafiya. Ka tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi, ka kulle kanka da shi a ɗaki. Ina gudumarka?"

Ba ta tafi ba sai da ya zare ƙusa ta shida.

Aka gwada mutanen gidan. Matar kafintan da 'yarsu ta goye suka fita lafiya. Shi kuwa gwajin jini ya nuna ƙwayar na jikinsa, hoton ƙirji ya nuna ba ta farka ba tukuna. Ga shi da ciwon suga, wanda ke sauƙaƙa mata farkawa. In ta farka, 'yar da yake ɗorawa a ƙirji ce farkon mai shaƙa.

"Mama, ni fa katako nake ɗagawa ni kaɗai," ya ce yana dariya. "Ki kai wa marasa lafiya."

Ba ta yi dariya ba. Ta taɓa jin irin wannan maganar daga bakin wata mai ɗinki, farkon kama aikinta. Matar ta ce "to, na ji", ita kuma ta yarda ta tafi. Bayan shekara biyu aka kawo matar a kwance, ba ta tashi ba. Tun daga ranar "na ji" ba ta ishi Mai-Taga ba, kuma tun daga ranar ta daina iya zama.

Maganin sau ɗaya ne a mako, har mako goma sha biyu. Duk Talata sai ga ta a bakin shagonsa da gorar ruwa, ta tsaya cikin garin katako sai ya haɗiye ta gani. Mako na uku ya tare ta fuska a murtuke: fitsarinsa ya koma ja, maganinta na kashe shi.

"Na gaya maka tun ranar farko, kana can kana auna katako," ta ce. "Launin maganin ne, zai wuce. In ka ga idonka ya yi rawaya ko amai ya dame ka, wannan ne za ka neme ni da gudu. Buɗe baki."

Mako na bakwai ya ɓuya a bayan wata ƙofa da yake gyarawa. Ta ga yatsun ƙafarsa ta ƙasa, ta ƙwanƙwasa ta yi sallama. Maƙwabtansa har yau suna ba da labarin.

Ke ce mai naci, Mai-Taga, ke ce ba a ɓuyar miki. Aikinki in ya yi kyau ba a ganin komai: ba wanda ya kwanta, ba wanda ya yi tari, don haka ba wanda ya tuna ya gode.

Makon jiya ta ajiye aiki. Ana tsakiyar ɗan taron da abokan aikinta suka haɗa sai ga kafintan, 'yarsa riƙe da hannunsa, yanzu ta isa shiga makaranta, kansa kuma ɗauke da kujera sabuwa fil.

"Mama, sau goma sha biyu kika zo shagona, ban taɓa ganin kin zauna ba," ya ce. "Ƙusoshin tagar Baba ne a jikin kujerar nan, duka shida."

Ta zauna, ta shafa hannun kujerar, idonta ya kawo ruwa. Ba ta yi minti biyu ba ta zabura ta miƙe, don ta hango tagar ɗakin taron a rufe.

Mun gode, Mai-Taga, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka rage, in an ce mu je gwaji mu je, in an ba mu magani mu shanye shi har ƙarshe, mu buɗe tagoginmu da hannunmu. Ko baiwar Allahn nan ta samu ta zauna.