Farin Bangon Baba Tartsatsi

Shekara talatin da huɗu Baba Tartsatsi ya yi yana gyaran wayarin mota a garejin ƙarshen layi, kuma ba wanda ya taɓa ganin girarsa a cike. Kullum waya ta babbake masa gefe guda. In an tsokane shi sai ya ce, "Kai da taka ta cika, me ka taɓa gyarawa?"

Kayan aikinsa ba yawa: filaya, sifana biyu, da sukudireba mai karyayyen mariƙi. Abin taƙamarsa bango ne, bangon ƙuryar garejin, wanda yake shafa wa farin fenti duk shekara, alhali ɗakin kwanansa rabonsa da fenti tun yana ango. In mota ta zo da ciwon fitila, sai a juya hancinta ga bangon, a rufe ƙofa ko da rana tsaka ce, ya zauna kan tsohuwar taya ya ƙura wa hasken ido. Cewa yake bango ba ya ƙarya, direbobi ne ke yi.

Bara matarsa ta rasu. Bana kuma ido ya fara. 'Yarsa Auta ta ja shi wurin likita da ƙyar, aka ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Ta roƙe shi ya rufe garejin ya koma gidanta.

"In koma in yi me? In riƙa gadin takalman mijinki?" in ji shi. "Ranar da na kasa gyara fitila, zo ki karɓi mabuɗi."

Daga nan ya shiga ɓoye ciwon idon. Noti in ya faɗi, da tafin hannu yake lalube, yana zagin notin.

Ran nan da azahar sai ga Dogo mai dakon katako, abokinsa tun suna samari, da a-kori-kurarsa. Auta ma tana nan, ta kawo abinci.

"Tartsatsi, fitilun nan kashe wa mutane ido suke yi a hanya. Da tsufana za su ja mini magana."

"Mota halin mai ita take ɗauka. Shigo da ita."

Aka rufe ƙofa, Dogo ya kunna. Hasken ya hau bango yana rawa, ya ɗauke, ya dawo. Baba ya tambaya, "Duka biyun ke yi?" Dogo ya ce duka. "To ba ƙwai ba ne, ƙwai biyu ba sa haɗa baki." Ya matse kan batir, ya taɓa fis ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka taka totur, ya kasa kunne, ya ce caji lafiya lau. Sannan ya zura hannu bayan fitila yana bin wayoyi da yatsu, har ya tsaya kan wata baƙa da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar.

"Ga munafukar! Ji ɗuminta. Tsatsa ta cinye gindinta, noti ya saki."

Ya kwance, ya kankare wurin har ƙarfe ya yi sumul a yatsansa, ya mayar ya ɗaure tamau. Ya koma kan tayarsa yana huci, ya ɗan juya wajen Auta, wai ta shaida.

"Kunna."

Haske ya zauna a bango, fari tas, ko motsi.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya yi tsaki. "Har yanzu tana rawa."

Dogo ya dubi bango, ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai.

"E to... kaɗan-kaɗan," in ji Dogo.

"Ban tambaye ka ba, direba ne kai. Auta, ke faɗa mini."

"Ta tsaya, Baba. Tun da aka kunna."

Sai Baba ya ce a kashe. Dogo ya kashe fitila da injin gaba ɗaya, wurin ya yi duhu.

"Ka kashe?"

"Na kashe."

"To ga ta nan a gabana, tana ta yi."

Ya lalubo mabuɗi a aljihun rigarsa mai baƙin mai, ya miƙa ta inda yake jin numfashin 'yarsa.

"Haba, Baba, ai ka gyara. Cewa ka yi sai ranar da ka kasa."

Ita da ta yi wata shida tana neman mabuɗin nan, yau ga shi ta ƙi miƙa hannu.

"Hannu ne ya gyara, 'yar nan. Wa zai duba mini bango? Kullum in riƙa tambayar mai mota?" Ya danƙa mata. "Duk wanda zai shiga, ki ce masa kada ya jingina taya a jikinsa."

Mai faci ne ya shiga, kuma a satin farko ya jera tayoyi har sama.

Yanzu Baba Tartsatsi na zama a ƙofar gidan Auta kan kujerar roba. In Dogo ya wuce yakan danna masa ham sau biyu, shi kuma ya ɗaga murya, "Suna yi?" Dogo ya ce, "Ko ƙyaftawa!" Girarsa ta cika taf, gefe biyu, har ta yi masa kyau. Duk masu bakin layin nan sun gani, ba wanda ya iya faɗa masa.