Izinin Fita a Gidan Yaya Issufu

Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan yayana Issufu, ban taɓa fita ƙofar zaure ba sai ya sa na faɗi inda za ni sau biyu, kamar yarinyar da aka aika sayen gishiri. Ni da na aurar da ƴaƴa huɗu, na binne miji. Ranar da aka kai Yaya makwancinsa na yafe masa a gaban kowa, kuma da gaske na yafe, amma yafiya ba ta hana a faɗi abin da mutum ya yi. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu da furfura a kaina, yau sai na faɗa.

Ku da kuka san shi a Tasawa kun san kujerar nan tasa ta ƙarfe a bakin zaure, da agogon da ba ya cirewa sai wajen alwala. Shekara talatin ya yi a hasumiyar filin jirgi, wadda yake kira "tur", yana ba matuƙa izinin tashi ta rediyo. Da ya aje aiki ya dawo gida, jiragen suka tsaya can, aikin ya biyo shi. In za ka fita sai ka faɗi inda za ka, ta wace hanya, da lokacin dawowa. Ya dubi agogo ya ce, "Izini zuwa kasuwa, ta bayan masallaci, dawowa kafin azahar. Maimaita." In ka ce "to", ba ka fita. A wurinsa "to" ba amsa ba ce, tari ne. Shi ya sa gari ya laƙaba masa Malam Maimaita, yana kuma amsawa.

Wata kaka wani mai amalanke ya kawo mana gero daga Hawandawaki. Ya sauke, ya sha ruwa, zai juya, Yaya ya ɗaga masa hannu wai ya dakata, akwai wata amalanke a lungu, ba a sakin biyu lokaci guda. Bawan Allah ya leƙa ya ga ɗayar can ƙarshen lungu, mai ita ma ya tsaya sayen goro. Ya ce, "Malam, jaki ne fa, ba ya tashi sama." Yaya ya ce shi ma jirgi a ƙasa ya fi yin karo. Sai da mai goro ya gama cinikinsa aka sallami mutumin Hawandawaki, bayan ya maimaita hanyar garinsu da aka haife shi.

Wuri ɗaya ne a garin nan Yaya bai taɓa kushewa ba, wajen ɗaurin aure. Da liman ya sa wakilin ango ya faɗi "mun karɓa" har sau uku, sai ka ga Yaya yana gyaɗa kai kamar an ba shi tsire. Ya dawo gida yana cewa liman kaɗai ya san aiki, da a tur yake da ya kai shugaba.

Sau ɗaya ya gaya mini mafarin abin. Ya ce wata rana ya ba wani matuƙi titin da zai tashi, mutumin ya amsa da sauri, amma muryarsa ta wanda bai yi barci ba ce. Ya sa shi ya maimaita, sai ya faɗi wani titin daban, wanda motar aiki take tsaye a kai. Mutum sama da ɗari ne a bayansa cikin jirgin. Daga nan Yaya bai ƙara yarda da kunnen kowa ba sai ya ji abin ya fito ta baki.

Na shiga makarantar manya ina da shekara hamsin da biyu. Wata biyar ina fama, ran nan na ga Yaya yana gyangyaɗi a kujera, na yagi takarda daga kaye, littafin rubutuna na makaranta, na rubuta "Na tafi kasuwa", na ɗora masa a gwiwa na fice. Rubutuna na farko ke nan da ba madam malamarmu ce ta sa ni ba. Ina tsugune gaban mai tumatir sai ga inuwa a kaina. Yaya ne, da sandarsa, da takardata a hannu. Ya ce ya karanta, rubutun ma ba laifi, amma takarda ba ta da murya. A nan gaban mai tumatir ya sa na faɗa. Na faɗa, na ƙara masa da wasu maganganun da bai nema ba, waɗanda ba zan rubuta a nan ba.

Autarsa Nana ce ta tayar da babban rikicin. Uwarta ta rasu tana ƙarama, a hannuna ta girma, kuma tun tana firamare take cewa aikin babanta za ta yi. Da ta samu bak, takardar gama sakandare, ta fara shirin jarrabawar shiga makarantar masu aikin tur a Yamai, wata la'asar ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin abin da ta karanta. Ta ce yanzu a manyan filayen jirgi ba sai an yi magana ba. Matuƙi yana zaune a kujerarsa, kafin ya tada inji, sai ya aika neman izini ta na'urar jirgi. Amsa ta zo masa a rubuce: ga titin da zai bi, ga hanyar da zai ɗauka bayan ya tashi, ga tsayin da zai hau, ga lambar da za a gane shi da ita. Ya karanta, ya danna cewa ya karɓa, shi ke nan. Rediyo ta huta da cunkoso, ba kuma wanda zai ji biyar ya ɗauka tara.

Yaya ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya tambaya wa ke jin muryar matuƙin. Ta ce ba kowa. Ya ce, "To in ya kwana bai runtsa ba fa? In uwarsa ta rasu jiya? Yatsa bai rawar murya, Nana." Ta ce in an yi shakka ana komawa rediyo. Ya ce ashe dai sun san hanyar gida. Daga nan ya rufe zancen: in aikin ya koma na kurame, ba ya ba ta izini sai ya yi tunani.

Yana cikin tunanin ciwon maƙogwaro ya kama shi. Aka kai shi likita a Maradi, aka yi masa aiki, ya dawo da rai amma ba murya. Mutumin da ya ci abinci da muryarsa shekara talatin. Na ba shi kaye da alƙalami don ya riƙa faɗa mana abin da yake so, ya ture. Da sanda yake nuni, ƙwanƙwasa ɗaya ruwa, biyu a gyara masa matashi.

Sakamako ya fito, Nana ta ci. Aka ce ta kai kanta Yamai kafin Litinin, in ba haka ba a ba wani gurbin. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, akwati a ɗaure, yarinya ta ce ba ta taka ƙofa sai da izinin babanta. Shi ba baki, kuma ya ƙi rubutu. Duk taurin kan gida ɗaya ne.

Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauko kayen makarantata na dangwara masa a cinya. Na ce, "Yaya, kai ka koya mata wannan doka, kai za ka kwance ta. In yarinyar ga ta rasa gurbinta don girman kanka, wallahi ni da kai ne har gaban Allah." Sannan ya miƙo hannu na sa masa alƙalami.

Ya jima yana rubutu. Na ɗauka da Faransanci zai yi ya ba Nana. Da ya gama sai ya miƙo mini, ya nuna bakina. Hausa ce, da manyan baƙaƙe rarrabe, irin waɗanda madam take mana a allo. Ashe duk tsiyar da yake mini yana buɗe kayena in na fita.

Na karanta ina tuntuɓe: "Izini zuwa Yamai, motar safe, ta Maradi da Doso. Dawowa ranar da kika gama karatu, ko ina nan ko ba ni nan. Maimaita."

Nana ta durƙusa ta maimaita, ta tsaya a "ranar da na gama karatu". Yaya ya buga sanda a ƙasa. Ta ce, "Baba, wannan ya isa." Ya sake bugawa. Na ce mata ta faɗa duka, ta san halin ubanta. Ta faɗa, muryarta na rawa, har ƙarshe. Ya rufe ido yana saurare kamar mai sauraren karatu, sannan ya dubi agogo, ya ɗora mata hannu a ka.

Bai kai hutunta na farko ba, kun sani. Allah ya ji ƙan Yaya Issufu, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya yalwata masa kabari, ya haɗa mu da shi a inda ba rabuwa.

A ranar Asabar ɗin nan dai ban tsaya kuka ba, akwai aiki. Washegari da sassafe na ɗora akwatin Nana a kaina, ban ba kowa ya ɗauka ba, na kai ta tasha. Na yi faɗa da ɗan kamasho har ya ba ta gefen taga, na tsaya sai da motar ta hau babbar hanya, sannan na juyo gida in dama wa Yaya kunu.