Saiwar da Ta Karɓi Baba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, akwai rana guda da ba zai iya ɗauka ba. Ranar da layin ban ruwan gona ya zo kanmu ce, a shekarar da na gama kwalejin horon malamai.

Gonar Baba tana can ƙarshen kanal, wato magudanar ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha. A ranin nan alkama ya shuka, ruwa kuma ya ja baya. Damuwa ta ci shi, ya rame, abu kaɗan sai faɗa. Ga hawan jini, ga ƙwayoyin asibiti da ya tsana, don suna sa shi yawan fitsari, da jiri in ya sunkuya zai jera tiyo.

Ni kuwa lokacin kaina na cikin littattafai da rubuta waƙoƙi, ina ganin kowane ciwo tausayi ne maganinsa. Ran kasuwar Kura na tsaya wurin wata tsohuwa mai saiwoyi. Ta ba ni wata mai ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ta ce a jiƙa a sha safe da yamma, tana kwantar da zuciya. Ban gaya mata ciwonsa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ba ta yi ƙarya ba. Cikin mako biyu Baba ya sake, ya koma cin tuwonsa, har yana tsokanar Inna wai gishirinta ya fi hannunta nauyi.

Wata safiya yana ɗaure wa kekensa fartanya ya ce, "Uwata, ke ce mai karatu. Tunda wannan ta karɓe ni, in huta da na asibitin?"

Na dubi fuskarsa, ta yi fes kamar ta da. Na ce, "Huta, Baba."

Ɗakin shan magani ba shi da nisa da mu, amma ban je na tambaya ba. Daɗin an kira ni mai karatu ya ishe ni.

Bayan mako uku, ran da layin ruwan ya zo kanmu, na kai masa fura gona. Tun daga nesa na ga ruwa ya fasa kunya yana malala a hanya, abin da Baba ba ya bari. Na same shi kwance a bakin kanal, tiyo a hannu, bakinsa ya karkace. A asibiti a Kano likita ya ce hankalinsa ne ya kwanta, jinin bai taɓa sauka ba.

Shekara huɗu ya yi da shanyayyen ɓarin jiki. Alkamar ta yi kyau, wasu suka girbe masa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ya ɗora. Kullum sai ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da "Uwata."

Har yau ban tsani saiwar ba, aikinta ta yi. Abin da na koya shi ne, samun sauƙin zuciya ba warkewa ba ne, kuma in wanda ya yarda da ni ya tambaye ni abin da ban sani ba, in ce masa ban sani ba.