Yadda Yaya Gide Ya Kashe Waƙar Keke

Yayana Gide makaɗin kalangu ne, ɗan makaɗi, jikan makaɗi, a garinmu Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari. Gajere ne mai ƙaton kai, ga bakin tsiya. Tun muna yara ba ya iya ganin mutum ya yi tuntuɓe bai mayar da abin waƙa ba. Ni Hajaratu da nake bi masa na sha wannan baki fiye da kowa, saboda haka in na ce mutumin kirki ne, ku yarda, ba kara nake yi masa ba.

Gadon gidanmu shi ne yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa, gari ya san an yi yanka. Yaya Gide bai tsaya a rumfar nama ba. La'asar na yi sai ya koma dandali wurin samari da 'yan mata. A shekarun nan na hamsin, kafin mulkin kai, makaɗan rawa sun yi yawa a ƙasarmu. Akwai masu garaya daga Sabuwa, akwai kuma wani mai goge na Ƙanƙara da ke ji da kansa kamar shi ya ƙago gogen. Ba sai an gaya maka wa ke sama ba. In kasuwa ta cika, kowane makaɗi ya kama gindin bishiyarsa, sai ka duba inda taro ya fi kauri. Babbar shaida kuwa ita ce waƙa ta riga mai ita isa gari, ya sauka ya tarar mata na daka da ita. Yaya Gide ya daɗe a tsakiya, ba yabo ba fallasa, har shekarar da Maharazu ya sayi keke.

Maharazu maƙwabcinmu ne, manomin auduga, mai kunya ƙwarai, ko gaisuwa zai yi sai ya dubi ƙasa. Da auduga ta yi kyau ya je Funtua ya sayo keke sabo fil. Wata rana Yaya Gide na dawowa daga Mairuwa ya gamu da shi a hanyar daji ya ɗora keken a ka, yana tafe yana haki, tayoyi na juyawa a sama. Bai tsaya tambayarsa dalili ba. Kafin ya iso gida waƙa ta haɗu:

Maharazu mai keke,
Kowa na hawan nashi,
Kai naka ya hau ka!

Ya yi mata rawa kuma: a ɗaga hannuwa sama kamar an tallabo kaya, a yi ta tangaɗi ana haki. Wallahi abin akwai ban dariya, ba zan yi ƙarya ba. Kafin damina ta yi nisa ta cinye Mairuwa da Faskari. Yaran mota suka kwashe ta zuwa Sabuwa da Ƙanƙara. Yaya Gide ya wayi gari shi ne a sama, ana aiko masa da goron gayyata daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Ya ɗinka sabuwar riga, tafiyarsa ma ta sake.

Wata safiya ina tuyar ƙuli-ƙuli Safara'u matar Maharazu ta shigo mini, idanunta sun kumbura.

Ta ce, “Hajara, yayanki ya gama da mu. Kin san mi ya sa maigidana ke ɗaukar keken ga? Ƙaya! Hanyar nan duk ƙayar aduwa ce, in taya ta hwashe ba mai liƙi sai Funtua. Da keken kuwa shika kai babanshi Faskari a yi mashi allurar gyambo.”

Na ce, “To yanzu fa?”

Ta ce, “Keke na ƙuryar ɗaki. Ko rijiya ya tahi, yara na bin shi da hannu sama. Ya rantse da an cire auduga zai bar gona ga ƙanenshi mu tahi Kurmi, inda ba wanda ya san sunanshi.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sauke kasko, na yafa mayafi, na sami Yaya Gide yana ɗaure kalangu, na wanke shi tas. Na gaya masa zai kori mutum daga garin ubansa saboda 'yan mata su yi dariya. Na zaci zai mayar da ni waƙa kamar kullum. Sai na ga ya ajiye tsarkiyar kalangun.

Ya ce, “Ban sani ba, Hajara. Wallahi ban sani ba.”

Na ce, “Ai ba ka tambaya ba, Yaya!”

Cikin kwanakin nan ne kuma saƙo ya iso cewa wani ɗan kamfanin faifai daga Kano zai sauka Funtua da akwatin ɗaukar murya bayan kaka, waƙar keke yake so. Duk makaɗin ƙasarmu mafarkinsa ke nan, a ji shi a garmaho, akwatin juya faifai. Shi kuwa Yaya Gide tsoro ne ya kama shi, domin ya san waƙar baki tana tsufa, wadda ta hau faifai sai jikokin Maharazu sun ji ta.

Ya daina kaɗa ta. Bai yi amfani ba, don mai gogen Ƙanƙara ya riga ya ɗauke ta yana yi kamar tasa. Ya fito da sababbi: ta yabon auduga, ta wata kyakkyawa mai wushirya, ta masu noma. Kowace sai ta yi kasuwa ɗaya ta mutu, taro ya koma yana kiran “Keke! Keke!” Ga auduga ta fara fashewa a gona. Ni dai na soma fid da rai.

Wata rana ya ce mini, “Na gane abin. Ba kiɗan su ke so ba, wanda za su yi ma dariya su ke so. Sai an ba su wani.”

Na ce, “To wane bawan Allah za ka kuma tozartawa?”

Ranar kasuwa ta gaba ya biyo ta gidana ya ba ni ajiyar sabuwar rigarsa da kalangunsa mai kyau, ya fita da tsohon kalangu da wata riga da ta mutu. Ban kawo komai a raina ba.

Akwai marina a bakin kasuwarmu, ramuka masu zurfi cike da ruwan baba, inda ake rina tufafi. Da la'asar, kasuwa ta cika maƙil, Yaya Gide ya tashi da taronsa daga gindin tsamiya, yana kiɗa yana tafiya da baya, 'yan mata na biye. Mutumin da ya girma yana tsallake ramukan nan, ya san su kamar ɗakin uwarsa. Sai ji muka yi tsundum!

Ramin ya fi ƙarfin tsawonsa, ruwan kuma da toka a ciki, yana cin ido. Marina suka zura masa sandar motsa baba suka jawo shi. Ya fito shuɗi tun daga kai har ƙafa, ba abin da ke fari sai haƙora. Kasuwa ta yi tsit, sannan ta fashe da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Shi kuwa, ido na yi masa zafi, yana tari, ya karɓi kalangun yaron mahauta ya ɗaga murya:

Gide ya sha baba,
Ba riga ba, ba zane ba,
A shanya shi ya bushe,
A kai shi mabuga!

Ya karkaɗa kafaɗu kamar jiƙaƙƙiyar kaza, taro ya ɗauka nan take. Wai a lokacin ya ƙago ta. Ni da rigarsa ke cikin ɗakina na san ba haka ba ne. Marina kuwa sun yi fushi don ya ɓata musu rami, sai da ya yi musu kiɗan gayya kyauta damina guda.

Waƙar ta fi ta keke gudu. Da ya je Funtua, faratansa na nan shuɗaye, ɗan kamfani ya ce keke yake so. Yaya Gide ya ce wannan ta tsufa, ya tambayi yaran mota. Aka tambaya, suka ce ai yanzu “Sha Baba” ake yayi. Ita aka ɗauka. Masu shayi suka yi ta juya ta a garmaho har faifan ya soma gargada. Faifansa ke nan ɗaya a duniya, kuma na cin mutuncin kansa. Bai sake yin waƙar da ta kai ta ba, daga baya ma ya koma rumfar mahauta. Har ya rasu Gide Shuɗi ake ce masa, 'ya'yansa ma ba su tsira ba.

Amma ni ba faifan na fi tunawa ba. Wata safiya ce kafin a gama cire auduga, muna tsaye da Yaya Gide a ƙofar gida, fuskarsa ba ta gama washewa ba. Sai ga Maharazu ya turo keke daga zaure, ya ɗora tsohonsa a baya, ƙafar naɗe da tsumma. Dole ya bi ta bakin rijiya, ga yara cike a wurin. Yaran suka ɗago kai, suka sheƙo a guje, na ce shi ke nan. Sai suka wuce shi ta dama da hagu, ko kallonsa ba su yi ba, suka nufo mu suna ihu, “Shuɗi! A kai shi mabuga!”

Na share hawaye. Yaya Gide ya ce, “Alhamdu lillahi,” a hankali. Sannan ya shiga tsakiyar yaran ya karkaɗa kafaɗu, ya yi ta yi musu rawa har keken ya sha kwana.